Labarin Zuciya A Tambayi Fuska: To, Wanda Ba Ya Iya Karanta Fuskar Fa?

Kowa ya taɓa ganin irin wannan. Yaro ya fasa tulu, uwa ta zaburo da fushi, ta ɗaga hannu za ta make shi. Sai yaron ya zaro ido, leɓensa ya soma rawa, ya ƙanƙame jikinsa. Kafin hannun ya sauka ƙarfinsa ya riga ya ragu, wani lokaci ma sai uwar ta janye shi, abin ya ƙare a faɗa kawai. Ba wanda ya riƙe ta. Fuskar yaron ce ta yi magana, zuciyar uwar kuwa ta ji. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, gaskiyarsu ne, gama tsoron da ya bayyana a fuskar wani birki ne ga hannun wanda yake shirin cutar da shi.

Amma akwai mutane, ko da yake ba su da yawa, waɗanda fuska takan yi ta kiransu ba su amsa ba. Suna ganin hawaye kamar yadda ake ganin ruwan sama a kan rufin maƙwabci. Mukan ce da irinsu masu ƙeƙasasshiyar zuciya. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wannan hali, idan ya kai matuƙa, da sunan saikofati. Shekaru da dama ke nan masana suna leƙa cikin kan irin waɗannan mutane domin su ga abin da ya bambanta su da sauran jama'a. Abin da suka gano ya shafi iyaye da malamai da alƙalai, da duk wanda aka danƙa wa renon yaro.

Ba hauka ba ne

Da fari sai mu kawar da wani ruɗani. Mai ƙeƙashewar zuciya ba shi ne mahaukacin da yake yawo a kasuwa yana magana shi kaɗai ba. Hankalinsa ɗaya, ya san abin da yake yi, ya kuma san doka ta hana. Tun a shekarar 1801 wani likitan Faransa, Philippe Pinel, ya lura da marasa lafiya masu aikata ta'asa alhali tunaninsu bai gushe ba. A 1941 kuma likita Hervey Cleckley na jihar Jojiya a Amurka ya wallafa littafi mai suna The Mask of Sanity, wato lafiyar hankalin da ake sawa kamar abin rufe fuska. Mutanen da ya bayyana a ciki masu daɗin baki ne, masu fara'a, masu saurin shiga rai. Sai an zauna da su a ga ƙarya ba kunya, cin amana ba nadama, da alkawarin da ba ya kwana.

Wanda ya mai da wannan bayani ma'auni shi ne Robert Hare, masanin halayyar ɗan Adam a ƙasar Kanada, wanda ya daɗe yana aiki da fursunoni. Ya fitar da ma'auninsa a 1980, ya gyara shi a 1991. Halaye 20 ne a ciki, kamar yaudara, girman kai, rashin nadama, rashin tausayi, da aikata abu ba tare da tunanin ƙarshensa ba. Ƙwararre yakan yi doguwar hira da mutum, ya duba tarihinsa a rubuce, sa'an nan ya ba kowane hali maki 0 ko 1 ko 2. Jimla mafi girma 40 ce. A Amurka da Kanada, wanda ya kai 30 shi ake lasaftawa cikin masu wannan hali. Ƙiyasin masana shi ne kamar mutum 1 cikin 100 na jama'a, amma a gidajen yarin waɗannan ƙasashe adadin yakan kai 15 zuwa 25 cikin 100. Ashe ke nan yawancin masu laifi ba sa cikinsu. Ɓarawon da yunwa ta kora, da wanda ya yi kisa cikin zafin rai ya kwana yana kuka, labarinsu daban ne.

Fuskar da ba ta isa gare su

Gwaji na farko da ya buɗe hanya ba na fuska ba ne, na gumi ne. A 1957 David Lykken ya tara fursunoni a jihar Minnesota, ya riƙa kaɗa musu ƙararrawa, bayan ƙararrawar kuma sai lantarki ya ɗan ja su. Mutum kamar ni da kai, bayan an maimaita haka sau kaɗan, da ya ji ƙararrawa tafin hannunsa zai soma gumi tun kafin zafin ya zo. Na'ura ta nuna cewa masu ƙeƙashewar zuciya ba su cika yin wannan gumi ba. Sun san zafi yana zuwa, amma jikinsu bai damu ba. Daga nan tambaya ta taso: wanda tsoro bai cika kama shi ba, yaya zai gane tsoro a jikin wani?

James Blair, masani ɗan Ingila, shi ya bi wannan tambaya da naci. A 2001 shi da abokan aikinsa suka nuna wa yara hotunan fuskoki a kwamfuta. Kowace fuska takan fara ba yabo ba fallasa, sa'an nan ta riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan har mataki 20, zuwa cikakkiyar murna, ko fushi, ko mamaki, ko ƙyama, ko baƙin ciki, ko tsoro. Aikin yaro shi ne ya faɗi sunan abin da yake gani da zarar ya gane. Yaran da malamansu suka shaida da rashin tausayi da rashin nadama sai da fuskar baƙin ciki ta yi nisa sosai kafin su gane ta. Fuskar tsoro kuwa, ko da ta kai matakin ƙarshe, sukan kira ta da wani suna dabam. Gwajin da aka yi da muryoyi ya nuna kusan haka: rawar muryar mai jin tsoro ba ta cika shiga kunnensu ba.

Wata masaniya a Amurka, Abigail Marsh, ta sha ba da labarin abokiyar aikinta da ta yi wa wani fursuna irin wannan gwaji a Ingila. Mutumin ya kasa faɗin sunan fuskar tsoro ko sau ɗaya. A ƙarshe ya ce shi dai bai san sunanta ba, abin da ya sani shi ne haka mutane sukan yi da fuskarsu gab da zai daɓa musu wuƙa. Mai karatu, ka lura da wannan magana. Idonsa lafiya lau, ya ga fuskar, ya ma tuna inda ya saba ganinta. Saƙon da ke cikinta ne bai iso ba.

A 2008 Marsh da Blair suka haɗa sakamakon bincike 20, suka ga tsoro ne inda rauni ya fi yawa. A 2012 wasu masana a Ostiraliya, ƙarƙashin Amy Dawel, suka sake tattara bincike masu yawa, suka ce raunin ya taɓa sauran fuskoki da muryoyi ma, bai tsaya ga tsoro da baƙin ciki kaɗai ba.

Ƙwallo biyu a cikin kai

Can cikin ƙwaƙwalwa, daidai tsakanin ido da kunne, akwai wasu 'yan curi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne bai wuce ƙwallon dabino ba. Sunansu amigdala. Aikinsu kamar na mai gadin dare ne: su ne suke fara lura da abin da ya kamata a kula da shi, su tashi sauran ƙwaƙwalwa, su sa zuciya bugawa. Da taimakonsu ne kuma ake koyon cewa abu kaza yana jawo zafi, a guje shi.

An fahimci dangantakarsu da fuska ta wurin wata mata a Amurka wadda masana suka ɓoye sunanta, suna kiranta S.M. Wata cuta ta gado da ba a cika samu ba ta lalata mata amigdala duka biyu. A 1994 Ralph Adolphs da abokansa a Jami'ar Iowa suka ba da rahoto cewa matar tana gane mutane, tana gane murna, amma fuskar tsoro ta gagare ta. Ita kanta ba mai mugunta ba ce, mai son mutane ce ƙwarai. Wannan ya nuna cewa lalacewar amigdala kaɗai ba ta mai da mutum azzalumi. Duk da haka kamannin ya sa masana suka juya na'urorinsu wajen masu ƙeƙashewar zuciya.

A 2008 aka sa matasa masu halin rashin tausayi cikin na'urar MRI, wadda take ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, aka nuna musu fuskokin tsoro. Amigdalarsu ba ta motsa kamar ta sauran tsaransu ba. A 2009 Yaling Yang da Adrian Raine suka auna girman amigdala a mutane 27 masu wannan hali da wasu 32 da ba su da shi, a birnin Los Anjalis. Ta rukunin farko ta gaza da kimanin kashi 17 cikin 100 a hagu, da kashi 19 a dama. Marsh ta kuma duba ɗaya gefen ma'aunin. A 2014 ta gwada mutane 19 da suka ba da ƙodarsu kyauta ga wanda ba su taɓa sani ba, sai ta tarar amigdalarsu ta dama ta fi ta sauran mutane girma da kamar kashi 8 cikin 100, tana kuma saurin amsa fuskar tsoro.

Goshi da igiyar da ta haɗa su

Mai gadi yana iya yin ihu, amma sai maigida ya ji kafin a yi wani abu. Maigidan nan shi ne sashen ƙwaƙwalwa na goshi, musamman ɓangaren da ke bisa idanu, inda ake auna riba da hasara kafin a yanke shawara.

Tarihin likitanci yana tunawa da Phineas Gage, shugaban leburori a aikin hanyar jirgin ƙasa a jihar Vermont ta Amurka. Ran 13 ga Satumba 1848 albarushi ya tashi, wani sandan ƙarfe mai tsawon fiye da mita 1 da nauyin kilo 6 ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta saman kansa. Bai mutu ba. Amma likitansa, John Harlow, ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar, marar haƙuri, marar tsayawa kan shawara ɗaya. Daga baya ya daidaita har ya yi shekaru yana tuƙa keken doki a ƙasar Chile, ya rasu a 1860. A 1999 kuma masanan Iowa suka ba da labarin wasu mutum biyu da wannan sashe ya lalace musu tun ba su kai wata 16 da haihuwa ba. Sun girma a gidajen kirki, da basira daidai gwargwado, amma da ƙarya da sata da rashin nadama, horo kuma bai kama su ba.

Masu ƙeƙashewar zuciya ba su da rami a ka irin na Gage. Bambancin nasu sai da awo mai zurfi ake ganinsa. A 2012 masana a Landan suka gwada masu manyan laifuffuka 17 da suke da wannan hali, da wasu 27 masu irin laifin amma ba su da halin, da mutane 22 da ba su taɓa laifi ba. Rukunin farko ne kaɗai aka samu da ƙarancin naman ƙwaƙwalwa mai launin toka a gaban goshi da kuma gaban sassan da ke gefen kai, wuraren da suke aiki sa'ad da mutum yake tunanin halin da wani yake ciki, ko yake jin kunya. Shekara guda kafin haka, a gidan yarin jihar Wisconsin, Michael Koenigs da abokansa sun gwada fursunoni 20 masu halin da 20 marasa shi. Suka tarar igiyar jijiyoyi mai siffar ƙugiya, wadda ta haɗa amigdala da goshi, ba ta da ƙwari a rukunin farko, sassan biyu kuma ba su cika aiki tare ba. Wato mai gadin muryarsa ƙasa-ƙasa ce, hanyar da za ta kai ta ɗakin maigida kuma ba ta da kyau.

Dubi idanunsa

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce an rufe ƙofa an jefar da mabuɗi. Amma a 2005 Adolphs ya sake komawa wajen S.M. da na'urar da take bin inda ƙwayar ido take kallo. Sai ya ga matar ba ta duban idanun fuskar da aka nuna mata, hanci da baki take kallo. Tsoro kuwa a ido yake zaune, a farin idon da ya buɗe. Da aka ce mata ta dubi idanun, nan take ta gane fuskar tsoro kamar kowa. Da aka daina tuna mata, sai ta koma gidan jiya.

A 2006 Mark Dadds ya gwada wannan dabara a kan yara maza 'yan makaranta a Ostiraliya. Masu halin rashin tausayi suka kasa gane tsoro kamar yadda aka zata. Da aka ce su dubi idanu, raunin ya ɓace na ɗan lokaci. A 2013 kuma, a birnin Groningen na ƙasar Holand, Harma Meffert da Christian Keysers suka sa masu laifi 18 da aka tabbatar suna da halin cikin na'ura, suka nuna musu hotuna masu motsi na hannuwa biyu: wani yana shafa wani, wani yana dukan wani, wani yana ture wani. A ƙwaƙwalwar yawancin mutane, ganin ana dukan hannun wani yakan tayar da wasu daga cikin sassan da suke aiki idan kai ake duka. A waɗannan mutane sassan ba su tashi sosai ba. Sai aka sake nuna musu, aka ce su yi ƙoƙari su ji abin da mai hannun yake ji. Bambancinsu da sauran mutane ya ragu ƙwarai.

Ma'anar wannan tana da nauyi. Kayan aikin tausayi suna nan a kansu, ba su dai tashi da kansu. Abin da yake zo wa uwar nan mai ɗaga hannu ba tare da ta nema ba, su sai sun nufa. Wannan yana da gefen alheri, gama abin da yake nan ana iya horar da shi. Yana kuma da gefen ban tsoro, domin mai yaudara yana iya buɗe ido ya karanta zuciyarka sa'ad da yake neman abin hannunka, ya rufe idan ya samu.

Hoto ba ya yanke hukunci

Kada mai karatu ya ɗauka cewa yanzu ana iya ɗaukar hoton kan mutum a ce ga mugu. Duk alƙaluman da muka kawo matsakaicin rukuni ne, ba hukuncin mutum ɗaya ba, kuma yawancin gwaje-gwajen mutane kaɗan suka ƙunsa. A 2022 Koenigs da abokan aikinsa suka sake duba binciken da aka yi a kan amigdala da wannan hali, suka tarar mafi yawansu ba su sami wani bambanci ba. Maganar amigdala tana nan a gaban masana, ana ci gaba da tantance ta.

Akwai kuma labarin James Fallon, wanda a da farfesan ilmin ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. Yana cikin duba hotunan ƙwaƙwalwar masu kisan kai, sai ya ga wani hoto cikin na iyalinsa mai kama da nasu sak. Da ya bincika, ashe nasa ne. Mutum ne mai mata da 'ya'ya, bai taɓa kashe kowa ba. A littafin da ya wallafa a 2013 ya amsa cewa na kusa da shi sun daɗe suna kukan sanyin zuciyarsa, ya kuma danganta tsirarsa da ƙaunar da iyayensa suka rene shi da ita.

Kotu ma ta taɓa fuskantar wannan tambaya. A 2009, a jihar Illinois, aka kawo Brian Dugan gaban shari'a domin yanke masa hukunci kan kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a 1983. Masani Kent Kiehl, wanda ya auna shi ya sami maki mai yawa ƙwarai, ya yi wa kotu bayanin ƙwaƙwalwarsa, lauyoyinsa suna fatan a sassauta. Masu taya alƙali yanke hukunci suka saurara, suka yanke masa hukuncin kisa, wanda ya koma ɗaurin rai da rai sa'ad da jihar ta soke hukuncin kisa a 2011. Tambayar da aka yi a kotun nan tsohuwa ce: wanda lamirinsa ba ya cizonsa, yana da alhaki? Dugan ya san abin da ya yi haramun ne, shi ya sa ya ɓoye shi. Direban da ya san birkinsa ba ya ci, ba a yafe masa gudu ba. An fi ma sa ran ya yi hankali.

Icce tun yana ɗanye

Gado yana da hannu a ciki. A 2005 Essi Viding ta duba tagwaye 3,687, wato bibbiyu, 'yan shekara 7 a Ingila, ta ƙiyasta cewa kamar kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin yara masu tsananin rashin tausayi da sauran yara daga gado yake. Amma gado ba shi ne ƙarshen magana ba. A 2016 Luke Hyde da abokansa suka bi iyalai 561 a Amurka da suka ɗauki jarirai riƙo tun daga haihuwa. Yaran da iyayensu mata na jini suke da tarihin munanan laifuffuka sun fi nuna alamun rashin tausayi tun suna da wata 27, ko da yake ba su tashi a hannunsu ba. Amma inda uwar riƙo take yawan yaba wa yaro da nuna masa jin daɗinta idan ya yi abin kirki, wannan gado bai yi tasiri ba sosai.

Ko waɗanda suka riga suka yi nisa ba a fid da rai da su ba. A 1995 jihar Wisconsin ta buɗe cibiyar Mendota domin matasan da suka gagari sauran gidajen gyaran hali. Masu aikin suka lura cewa ƙara horo ba ya ƙara komai ga yaron da tsoro ba ya kama shi, sai taurin kai. Don haka suka juya ga lada: kowace rana ana auna halin yaro, wanda ya yi kyau yau ya ga amfaninsa gobe. A rahoton 2006 na Michael Caldwell, an bi matasa 141 masu maki mai yawa har shekara 2 bayan sakinsu. Waɗanda suka je gidajen da aka saba sun ninka na Mendota fiye da sau biyu wajen sake aikata laifin zub da jini ko duka.

To, me za mu ɗauka mu kai gida? Na ɗaya, kada kowa ya liƙa wa yaro wannan suna. Ƙiriniya da ƙarya da faɗa abin yara ne, ƙwararren likita kaɗai yake iya tantance wanda abinsa ya wuce haka. A kuma lura cewa an yi waɗannan gwaje-gwaje a ƙasashen da ake koya wa yaro kallon babba ido cikin ido. Yaronmu da yake sunkuyar da kai gaban manya kunya ce da ladabi, mai kunya kuwa ya riga ya nuna cewa fuskar mutane tana isa gare shi. Abin dubawa shi ne yaron da kullum yake cutar da ƙannensa ko dabbobi da gangan, kukansu bai dame shi ba, bulala kuma ba ta sauya shi. Irin wannan a nema masa taimakon likita da wuri, a rage dogara ga bulala, a yawaita yabo a kan ɗan alherin da ya yi.

Na biyu, game da babban da ya riga ya ƙware a daɗin baki, a auna shi da sawun da ya bari a baya. Hawayen tuba ba su da wuyar kawowa ga wanda ya iya. Yafe wa mutum abu ne mai kyau, amma yafewa ba ta wajabta a sake danƙa masa kuɗin ƙungiya ko 'ya'yan mutane ba.

Na uku kuwa aikin kowane gida ne. Sa'ad da ɗanka ya ƙwace abin ƙanwarsa har ta fashe da kuka, kafin ka nemi tsumagiya, durƙusa kusa da shi, ka juyo da shi wajenta, ka ce, "Dubi idon ƙanwarka. Me ka gani?" Ka jira ya amsa. Idan bai iya ba, faɗa masa sunan abin: tsoro ne, baƙin ciki ne. Gobe ma ka sake. Yawancin yara da kansu suke koyon karatun fuska, amma akwai wanda sai an kama hannunsa an bi da shi baƙi bayan baƙi.